Inna Mai Baho, Wadda Ta Hana Ƙura Bin Mu Gida

Kafin a tayar da injin niƙa, Inna Mai Baho ta riga ta cika bahunanta da ruwa. Ɗakin wankinta yana daf da ƙofar fita daga masana'antarmu, ɗan tsukuku mai famfo ɗaya da igiyoyin shanya a bayansa. Za ka same ta ta ci ɗamara, tana rataye rigunan aikin da suka bushe, kowacce a ƙusar mai ita. Ba ta rubuta suna a jikin riga. Facin da ta yi wa kowacce shi ne shaidarta, kuma in ka kuskura ka ce ta ba ka ta wani, to ka shirya jin tarihin ranar da ka yaga taka garin rawar kai.

Mu dutsen hoda muke niƙawa, wanda 'yan kasuwa ke kira talk, farin dutse mai laushi da ko farce yana kankararsa. Akwai kuma ɗan'uwansa mai sunan da ke karya harshe, wanda ake sawa a tayil da bulon da ke jure wuta. Ni ɗinkin bakin buhu nake yi. Buhunan da nake rufewa sukan hau mota zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai su ƙasashen da ban taɓa gani ba, a zuba garin a fenti da takarda da roba da hodar shafawa. Duniya tana sayen garin. Ƙurar kuwa ba ta da mai saye, tamu ce. Takan kwanta a gira, ta cika aljihu, ta maƙale a wuyan riga, har saurayi ya tashi aiki da furfura kamar kakansa.

Dokar Inna kowa ya haddace ta: ba a kakkaɓe rigar aiki, kuma ba ta ƙetare ƙofa. In an tashi, ka tuɓe ta a hankali, ka nutsa ta a baho ta sha ruwa, ka wanke kai da fuska, sannan ka sa kayanka na gida. Wanda ya ɗaga riga zai kakkaɓe kuwa, sai dai ya ji saukar jiƙaƙƙen tsumma a ƙeyarsa.

Dogo mai lodi zai ba ku labari. Ranar da aka kira shi a waya aka ce matarsa ta sauka, ya jefar da buhu ya zuba a guje, fari fat daga kai har ƙafa. A gaban mai gadi Inna ta cafko wuyan rigarsa.

"Ina zuwa haka kamar fatalwa?"

"Inna, don Allah ki sake ni, haihuwa aka yi mini!"

"Barka, Allah ya raya. To da wannan rigar za ka ɗauki jaririn? Tsarabar da za ka fara kai masa ke nan? Tuɓe, ɗan nan."

"A nan? A gaban mutane?"

"Wa zai kalle ka? Me kake da shi ban da haƙarƙari?"

Muna ta dariya ya tuɓe. Ta kwara masa ruwa a ka, ta miƙa masa kayansa, ta ce ya gaida mai jego.

Sai shekarar da kasuwa ta juya mana baya. Masu saye a ƙetare suka rage oda, wasu suka koma ga wata ƙasa mai araha, buhuna suka taru a sito har suna taɓo rufi. Manajanmu ba mugu ba ne, shi ma daga sama aka matso shi. Aka rage ma'aikata, aka garƙame ɗakin wanki da kwaɗo, aka ce kowa ya riƙa tafiya da rigarsa gida. Inna tana cikin waɗanda aka sallama. Ranar kowa ta kansa yake yi.

Washegari da yamma muka fito, kowa da farar rigarsa a jiki, sai ga Inna a gindin bishiyar da ke wajen ƙofa. Ta jera bahunanta, ga jarkokin ruwa a baro, wanda ta turo da kanta daga famfon unguwa.

"Ɗakinsu suka rufe," in ji ta, "ba hannuna ba. Ku tuɓe."

Na matsa kusa na ce, "Haba Inna, ba fa mai biyan ki yanzu. Ki huta mana."

Ba ta ɗago kai daga baho ba. "Ɗan nan, mijina a injin nan ya yi aiki, tun ba a gina ɗakin wanki ba. Kullum ni nake kakkaɓe masa riga, a ɗakin da yarona yake kwance. Ƙirjin yaron ya riƙa yin fito. Bai kai shiga makaranta ba." Ta matse wata riga, ta ajiye. "Ni ba wanda ya gaya mini. Ku kuwa na gaya muku."

Na tuɓe rigata na nutsa ta da hannuna.

Haka ta ci gaba, rana ta dake ta, ruwan sama ya dake ta. Masu lodi suka karɓi turin baro, matanmu suka riƙa aiko sabulu. Manaja kullum yakan wuce a motarsa yana kawar da kai, har wata rana ya tsaya, ya fito, ya cire rigar da yake zagaya injin da ita ya sa a baho. Inna ba ta ce masa komai ba sai, "Wanke kanka ma." Da safe muka tarar an cire kwaɗon ɗakin wanki, an mayar da Inna bakin aikinta, tun kasuwa ba ta farfaɗo ba.

Inna, ke ce ruwa mai kwantar da ƙura. Ke ce uwar 'ya'yan da ba su san fuskarki ba, suna guje-guje a tsakar gidajenmu da ƙirji wasai. Masu sayen garinmu ba za su taɓa jin sunanki ba, amma mu mun san darajarki, kuma muna ƙaunarki, har da zafin bakinki.

A watan nan ta ajiye aiki, ba don ta so ba. Likita ya ce huhunta ya gaji. Da muka je gaishe ta, mun same ta a bakin ƙofar ɗakinta, tana magana tana tsayawa neman numfashi. Ba ta yarda an yi zancen jikinta ba. Tambayarta ita ce ko sabuwar mai wankin tana rufe hancinta in tana karɓar riguna.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu aiki a duk inda ƙura ke tashi, ku yi koyi da ita: ku bar rigar aiki a wurin aiki, ku tsawata wa ɗan'uwanku ko zai ji haushi. Mu dai mun san daga ina tarin Inna ya fito. Rabon 'ya'yanmu ne ta shaƙe.