Ranar da Kafaran ya kulle ƙofa a kan mahaifiyata

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun saba'in, ina saurayi ina ɗinki a Magarya, wata cuta ta kama ni wadda ba ta da magani a likita: son silima. Kuma ba kowane fim ba. Na soyayya da raye-raye ba su dame ni ba. Ni dai a nuna mini wasu mugaye sun tsare bayin Allah a cikin jirgin sama ko a wani dogon bene, sun ɗora musu bindiga, ƙasa duk ta rikice, sannan sojoji su zo su kuɓutar da kowa, a ɗaga tuta, mata na kukan murna. Duk sanda na je Damagaram sayen yadi da zare, sai na san dabarar da na yi na shiga silima. Akwai wanda na kalla sau huɗu. Rabin Faransancin da suke yi ba na ji, don a aji uku na bar lakwal, wato makarantar boko, amma da an zo inda sojoji ke saukowa ta rufi da igiya, sai tsigar jikina ta tashi, in ji kamar ni ne na ceci ƙasata.

In na dawo shago kuma mutane sun shiga uku. Ina taka keken ɗinki ina ba da labari, in tashi in kwatanta yadda ake rarrafe, in ɗauki almakashi in mai da shi bindiga. Har abokaina suka laƙaba mini Komandan, ni kuwa ina amsawa.

A bazarar wata shekara ƙanwata ta haihu a wani ƙauye kusa da Mallawa, inda take aure. Haihuwa ta biyu ce, don haka a ɗakinta ta haihu, mahaifiyata ce ta je yi mata wanka. Ana gobe suna na hau kamyo, babbar motar kaya, na bi su, da ƴan rigunan da na ɗinka wa jaririyar.

A gidan akwai yayan mijinta, wanda kowa ke ce wa Kafaran, wato kofur. Ya yi soja tun zamanin Nasara, an kai shi yaƙi wasu ƙasashe masu nisa, ya dawo da lafiyar jiki amma ba ya son magana. Mutum ne mai kirki, yana nomansa, yana da bindiga adaka da yake korar birai da ita a gona. Sau ɗaya ko biyu a shekara abin nasa kan motsa, ya yi ta zagaya gari yana leƙe-leƙe kamar mai gadi, kwana biyu ya dawo daidai. Bai taɓa taɓa kowa ba.

Da hantsi muna zaune ƙofar gida a gindin darbejiya, ni da mijin ƙanwata da wasu dattawa, sai tayar wani kamyon ƴan kasuwa ta fashe a kan hanya. Ƙarar ta razana kowa, sannan muka yi dariya. Ba mu gama dariyar ba muka ji ihun mata daga cikin gida. Masu dakan suna suka fito a guje, wata ko mayafi babu.

"Kafaran ne! Ya shige ɗakin mai jego da bindiga, ya rufe ƙofa!"

Muka ruga ciki. Ɗakin soro ne, ƙofarsa ta langa-langa, da ƴar taga guda ɗaya wadda kan mutum ba zai shiga ba. Ta nan bakin adakar ya leƙo. Muna jin yana jan akwatuna yana tokare ƙofa.

"Kowa ya ja baya!" in ji shi, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Sun kewaye mu. Akwai mata da jariri a nan. Wanda ya matso sai na harbe shi!"

Mijin ƙanwata ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, ni ne fa. Taya ce ta fashe, ba kowa."

"Ja baya na ce!"

Muka ja baya. Mahaifiyata na ciki, ƙanwata na ciki, da jaririya mai kwana shida.

Maigari ya zo, liman ya zo, kowa ya yi magana daga nesa, Kafaran bai gane kowa ba. Maigari ya ce a tura mutum Magarya ya kira jandarma. Mijin ƙanwata ya kama hannunsa yana roƙo, yana cewa in suka zo suka ga bindiga ai shi ke nan, ɗan'uwansa ya tafi. Maigari ya ce shi ma ba ya so, amma rai uku ba wasa ba ne. Aka tura. Kowa ya san ko an yi sauri ba za su iso ba sai yamma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali zafi ne. Bazara ce sosai, ga shi akwai garwashi ƙarƙashin gadon ƙasar da mai jego ke kwanciya, ga ƙofa a rufe. Mu da ke waje a inuwa ma gumi muke yi. Jaririyar ta yi ta kuka, ta yi ta kuka, ina jin kukan har cikin haƙorana. Can wajen azahar sai ta yi shiru. Na kasa kunne, na ƙara kasawa. Babu komai sai ƙasa-ƙasan muryar mahaifiyata, ba a jin abin da take faɗi. Na ce a raina, wallahi yarinyar nan ta mutu, mu kuma muna tsaye muna kallon ƙofa.

A nan ne Komandan ya taso mini. Na ja mijin ƙanwata gefe na ce, "Akwai tsani a gidan nan?"

"Me za ka yi da shi?"

"Ta sama ake bi. Hankalinsa na kan ƙofa. In na huda soron na dira a bayansa, kafin ya juyo na riƙe shi."

Ya dube ni kamar ni ma abin ya motsa mini. "Ka rufa mana asiri. Uwarka ce fa a ciki."

"Shi ya sa," na ce.

Ban saurare shi ba. Na zagaya ta bayan gida, na jingina tsani, na hau da fartanya a hannu da igiyar guga a kafaɗa. Har yau ban san inda na yi niyyar ɗaura igiyar nan ba. Kuma ko kaɗan ban yi tunanin cewa soron da aka yi shekara da shekaru ana yaɓe shi ba zai hudu da sara ɗaya ba. Na rarrafa zuwa tsakiya, ƙasar na ƙona mini gwiwa, na ɗaga fartanya na sara.

Sara ɗaya na yi. Sai bindiga ta tashi a ƙarƙashina.

Na ji soron ya girgiza a cikina. Na kife a wurin, fuskata a ƙasa, kunnuwana na ƙara. Daga tsakar gida mata suka ɗauki salati, sannan kowa ya yi tsit. Daga cikin ɗakin babu motsi, babu tari, babu kuka. Ban san ina ya auna ba. Ban san ko mahaifiyata ya samu ba, ko ƙanwata. Na so in kira "Inna", bakina ya ƙi buɗuwa. Ban san tsawon lokacin da na yi a kife ba, amma a cikinsa na ga kaina ina bin gawarta, mutane na nuna ni. Sai na ji wata ƙara: Kafaran na sake ɗura bindigar.

Sai jaririyar ta tsala kuka. Ban taɓa jin abin da ya kai kukan nan daɗi ba.

Bayan shi muryar mahaifiyata ta fito ta taga, a natse, kamar tana aiken wani kasuwa. "Wanda ke kan soron nan, na san ko wane ne. Don girman Allah ka sauka." Sannan na ji ta ce, "Kafaran, ba su ba ne. Ɗana ne, ba shi da wayo."

Na sauko a gaggauce, har na tsallake matakala biyu na faɗi. Babu wanda ya zage ni. Da ma sun zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Jim kaɗan mahaifiyata ta sake magana. "Ku ji. Kafaran ya ce ba zai bar gadi ba sai babbansa ya zo ya sallame shi. A je a kira masa babbansa."

Mijin ƙanwata ne ya fara ganewa. Akwai wani tsoho a ƙauyen da ke gaba, ta hanyar Guci, wanda suka yi soja tare, ana ce masa Sarjan, wato saje. Maigari ya dube ni ya ce, "Kai mai ƙarfin hawa soro, ɗauki keken can ka je."

Na tarar da Sarjan yana tufka igiya a zaure, tsoho siriri mai ido ɗaya. Na zuba masa labari ina haki. Sai ya tashi ya shiga gida. Na tsaya ina cizon yatsa, ina ganin rana na karkata. Da ya fito sai ga shi cikin tsohuwar rigar kaki da ta yi masa yawa, da lambobi uku a ƙirji, yana ɓalla maɓallai ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, don Allah mu yi sauri."

"In na je masa da riga ƴar shara ba zai san ni ba," in ji shi.

Na goya shi a bayan keke. Inda rairayi ya yi yawa in sauka in tura, shi yana zaune. A hanya ya tambaye ni ko Kafaran ya ci wani abu tun safe, na ce ban sani ba. Ya ce me ya sa ya yi harbi. Na faɗa masa gaskiya.

"Ta sama ka bi masa?" Ya girgiza kai. "Yaro, a inda aka kai mu, ta sama mutuwa ke zuwa mana."

Mun iso ana kiran la'asar. Sarjan ya sauka, ya gyara rigarsa, ya ce kowa ya koma bayan danga. Ya taka shi kaɗai har gaban tagar, bakin bindiga na kallon ƙirjinsa. Na runtse ido. Sai na ji tsohon nan da na ɗauka ba shi da murya ya daka tsawa irin ta soja, ta a ƙame.

"Kafaran! Gardabu!"

Daga ciki muka ji ƙafa ta buga ƙasa.

"Mutum nawa ke hannunka?"

"Uku, Sarjan. Mata biyu da jariri," in ji Kafaran. "Ban bari an taɓa ko ɗaya ba."

"Madalla. Ka yi aikinka. Na karɓi gadi. Miƙo bindiga, ka buɗe ƙofa, ka je ka sha ruwa."

Sai adakar ta fito ta taga, gindinta a gaba. Muka ji ana janye akwatuna.

Ƙanwata sai ɗauko ta aka yi, ta galabaita ƙwarai. Jaririyar jikinta duk ya yi ja, amma tana numfashi, tana neman nono. Mahaifiyata ta fito a ƙarshe, ɗankwalinta fal ƙasa. Kafaran ya zauna a bakin ƙofa yana kallon mutane ɗaya-ɗaya kamar wanda ya farka daga barci, sannan ya rufe fuska da hannu. Sarjan ya zauna kusa da shi ya riƙe masa kwanon ruwa.

Daga baya mahaifiyata ta ba ni labarin cikin ɗakin. Ta ce tun da ya shiga bai juya musu bakin bindiga ba ko sau ɗaya. Shi ya kashe garwashin da ruwan randa. Shi ya cire hularsa ya jiƙa ya ba ta ta riƙa shafa wa jaririyar, abin da ya sa ta yi barci ke nan da azahar. Ta ce ta kusa shawo kansa ya buɗe ƙofa a sha iska, sai ga sarana. Wani ɓangaren ƙasa ya ɓallo daga azara ya faɗi dab da kan yarinyar, tazarar ba ta fi tafin hannu ba. Shi kuma ya harba sama, ya faɗa kansu ya rufe su da jikinsa.

"Ni ban ji tsoronsa ba," in ji ta. "Kai na ji wa tsoro, kuma kai ka ba ni tsoro."

Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan, kuma ba ta sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah.

Jandarma sun iso bayan komai ya lafa. Suka karɓi bindigar, aka kai Kafaran likita a Damagaram, ya yi wata biyu ya dawo. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, yana nomansa. Suna kuwa an yi shi washegari, har da rago.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban daina kallon irin finafinan nan ba. Yanzu ma jikokina kan sa mini a waya. Kuma na san abin da ke ja na. Kowa na so ya yarda cewa in ya shiga hannun mugu, ƙasarsa ba za ta manta da shi ba, wani zai zo. A fim kana ganin mugu ka san shi, kana ganin mai ceto ka san shi, kuma kafin awa biyu an gama. Wannan yana kwantar da rai, ban ga laifin mai so ba. Ni dai ranar da abin ya zo ƙofar gidanmu, mai bindigar ya ɗauka ceto yake yi, ni ma na ɗauka ceto nake yi, kuma a cikinmu biyu ni na fi kusa da yin kisa. Har yau in na tuna tafin hannun nan, abinci kan fita raina.

Jaririyar yanzu kaka ce. Na yi shekara da shekaru ina tsoron ranar da za ta ji, har bara na ce gara ta ji daga bakina. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Kawu," ta ce, "ashe kai ne ɗan ta'addan."

Na ce mata ni ne. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe.