Rarar da Na Bari a Gefen Taswira

Matata ta yi shekaru tana bin ƙauyuka da kular allurar rigakafi a kafaɗa, daga Wurno har gefen Goronyo. Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwa. A shekarunta na ƙarshe an koya musu sanya ƙauyuka a wata taswira ta intanet, wadda kowa ke iya ƙarawa, kowa kuma ke iya ɗiba. In ta isa ruga ko tunga da babu ita a ciki, sai ta tsaya tsakiyar gidajen ta danna waya, ɗigo ya fito, ta rubuta suna. Nakan yi mata tsiya cewa ta koma ɗinkin hula, sai ɗigo-ɗigo. Takan ce gara nata, ni hulata kai ɗaya ke sa ta.

Ta rasu a farkon bazara, bayan jinya ta kwana kaɗan. Wayarta da littafin aikinta na sa su a aljihun keken ɗinki, ban sake buɗe shi ba.

Bayan addu'ar arba'in abokiyar aikinta ta zo shago. Ta girme mu duka, matata tana ce mata Yaya, ni ma haka. Ta zauna a benci ta fiddo takarda. Ta ce an fitar da jerin wuraren da za a bi da damina, jami'in da ke tsara fita ya sauko da shi daga taswirar nan. Akwai wata ruga ta Fulani da matata ke zuwa, an sa ta a mazauninta na fadama. Da damina wurin ruwa ne, mutanen sukan kwashe su hau tudu. Ayari zai je ya tarar ba kowa, ya rubuta sun tashi, yaran rugar kuma su wuce shekarar ba allura. Ta gaya wa jami'in, ya ce ta nuna masa inda suke komawa. Ita kuwa ba ta taɓa zuwa ba, hanyar matata ce.

Na san matata ta sa wurin. Ina tuna ranar da ta dawo da laka har gwiwa, tana wanke ƙafa tana ce mini rugar nan ta ci mata ɗigo biyu, na rani da na damina. Amma abin da na tuna ba takarda ba ne. Na buɗe aljihun keken.

A littafin ta rubuta yadda ake saukowa da taswira, layi-layi, da rubutunta mai kwanciya. Akwai shafin da ake shiga, ya tambayi lambobi huɗu: iyakar kudu, ta yamma, ta arewa da ta gabas. Ko kuma ka ja akwati da yatsa a kan taswirar, lambobin su fito da kansu. Sai ka faɗi irin abin da kake so a cikin akwatin, shafin ya tattaro maka shi a fayil ɗaya. Wannan bai ba ni tsoro ba. Tsawo da faɗi ne, kullum su nake aunawa.

Na sa wayar a caji, muka fita bayan shago inda sabis ya fi ƙarfi. Karon farko na yi haɗama. Na ja akwati ya haɗa Wurno da Rabah da Goronyo, na ce a ba ni komai, da hanyoyi da gidaje da rijiyoyi. Muka jira har na sallami mai karɓar ɗinki ɗaya. Sai rubutu ya fito, Yaya ta karanta ta ce shafin ya ƙi, kayan sun yi masa yawa. Ta ce ko a gidan biki ba a cewa a ba ni komai.

Karo na biyu na nemi ƙauyuka da rugage kawai. Lambobin jami'in suna saman takardarta, ta ce in sa su daidai yadda suke. Na sa, akwatin ya fito, na tsaya ina dubansa. Ya bi iyakar yankinsu cif, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa tun ina koyon aiki ban taɓa sa almakashi a kan layin alli ba. Ana barin rara saboda kalmasa. Hannuna ne ya riga ni, na ja gefen kudu da na gabas kamar faɗin yatsa biyu.

"Mi kaka yi haka? Ka shiga ƙasar Rabah, ba tamu ba ce."

"Rara ce, Yaya. In ta yi yawa mu datse."

Ta ce Allah ya raba ta da tela. Na danna.

Wannan karon bai daɗe ba. Fayil ya sauka, na buɗe shi yadda littafin ya ce, ɗigo-ɗigo suka cika fuskar wayar. Yaya ta nemo rugar a fadama, an rubuta a ƙarƙashinta: nan suke da rani. Na bi da yatsa zuwa kudu. Can a cikin rarar da na bari, dab da layin jami'in amma a wajensa, ga sunan ya sake fitowa. Na danna shi. An rubuta: nan suke daga saukar ruwa har kaka, a bi ta bayan rijiya, kada a bi ta fadama.

Haka take magana, ko aika take yi sai ta faɗi inda ba za a bi ba. Na miƙa wa Yaya wayar, na koma cikin shago na ɗan zauna. Ba ta biyo ni ba, na kuma gode mata da haka.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa ofishin. Jami'in mutumin kirki ne, ya yi mini ta'aziyya kafin komai. Da ya ga suna ɗaya a wuri biyu ya ce wataƙila kuskure ne, wani ya maimaita. Ban yi gardama ba. Na ba shi lambobina huɗu, na ce ya sauko da shi da kansa a na'urarsa. Ya yi, abin da muka gani shi ya fito. Ya karanta rubutun sau biyu. Sai ya ce yanzu ya gane: akwatinsa bai kai wurin ba, ayarin gefen Rabah kuma ba za su je ba, don a lissafinsu mutanen rugar na yankinmu ne. Ya ɗauki biro ya gyara jerin a gabanmu. Yaya ta ba shi labarin rarar da na bari, ya juyo ya dube ni.

"Malam tela, rara nawa kaka bari?"

Na ce yatsa biyu. Ya yi dariya ya ce yatsa a kan waya ba awo ba ne. Na ce to ya riƙe lambobin, su ba su canzawa.

Da ruwa ya zauna Yaya ta je. Ta bi ta bayan rijiya, ta tarar da su a kan tudun, aka yi wa yaran allura. Ta ce matan suna ta leƙen bayanta suna tambayar ina ɗayar. Ba su ji rasuwar matata ba sai ranar.

Kasuwar da ta biyo baya wata dattijuwa daga rugar ta zo shago da ƙwaryar nono. Ta tambaya ko ni ne mijin mai kula. Na ce ni ne. Ta ajiye ƙwaryar a kan teburin yanka, ta yi addu'a mai tsawo da Fillanci, ina cewa amin. Kafin ta tafi ta ce in gaya wa masu allura, da kaka za su koma fadama. Na ce mata an rubuta.