Layi Na Uku a Littafin Baba Nathaniel

Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, da misalin ƙarfe goma na safe, Baba Nathaniel ya shiga shagon Malam Ladan a unguwar Gidan Igwai, cikin Sakkwato, da wani ƙaton littafi mai baƙin bango a hammata. Sana'ar Ladan buga takardu da fotokwafi. Tsohon ya ce yana so a buga masa littafin a kwamfuta.

Ladan ya buɗe. Kowane shafi an raba shi biyu da jan biro. A hagu rubutun boko ne, amma ba Turanci ba. A dama wasu haruffa ne masu kusurwa, suna tahowa daga dama kamar Larabci.

"Baba, wanga wane yare ne?"

"Na hagu yaren Danmak, na dama Ibrananci. Kwatanta su nake yi."

"To ina Hausar?"

"Akawu, ka cika gaggawa. In na gama, sai in ja layi na uku."

Ladan bai iya buga ko shafi ɗaya ba, sai fotokwafi ya yi masa. Amma daga ranar tsohon ya samu wurin zama. Duk Talata da Alhamis zai sauka daga keke napep, ya ja bencin ƙofar shago, ya buɗe littafinsa. A kan bencin nan Ladan ya ji tarihinsa kaɗan-kaɗan.

An haife shi a Numan a 1946. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, sai wata nas 'yar Danmak da ke aiki a asibitin mishan ta ɗauke shi. A bakinta ya koyi magana. Yana da shekara tara ta koma ƙasarsu, bai ƙara ganinta ba. Ibrananci kuwa a makarantar Littafi Mai Tsarki ya koye shi yana saurayi. Ya zo Sakkwato koyarwa a 1974, ya yi aure, ya haifi 'ya ɗaya, Janet. Matarsa Esther ta rasu a 2011, a nan aka binne ta. Bayan rasuwarta ya fara littafin, don a garin nan kaf ba shi da wanda zai yi wa magana da ko ɗaya cikin yarukan biyu.

Ibranancin bai yi wa Ladan nisa ba. In tsohon ya ce "bayit", sai ya ce baiti, gida ke nan. In ya ce "shalom", sai ya ce salamu.

"Wanga ai ƙanen Larabci ne, Baba."

"Wa dai. Ka girmama na gaba."

Yaren Danmak ne ya gagari Ladan. Ya ce in tsohon yana yinsa kamar mai magana da tuwo mai zafi a baki. Baba Nathaniel ya yi dariya har da tari, ya ce ai bambancin ke nan: mutanen Danmak suna rubuta abin da ba su faɗa, Ibraniyawa suna faɗin abin da ba su rubuta ba. Ladan ya sha tuna masa da layi na uku. Amsar ba ta taɓa canzawa ba.

Ranar Lahadi, 5 ga Nuwamba 2023, Baba Nathaniel ya faɗi a ƙofar coci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan kwana takwas Janet ta zo shagon, idanunta sun kumbura.

"Malam, Baba ya buɗe baki, amma ba Hausa ba Turanci. Kai kaɗai ka saba jin abin nan nashi."

A cikin keke ta gaya masa abin da ke damunta. Likita ya ce su shirya wa komai. Dangi daga Numan sun bugo waya, sun ce in ta faru a kai shi can. Ita kuwa ta san akwai fili kusa da kabarin mahaifiyarta. Bai taɓa faɗa mata wanda yake so ba, ita ma ba ta taɓa iya tambaya ba.

Da suka isa, tsohon ya gane Ladan. Ya riƙe masa hannu da hagu, ya faɗi wata magana gajera, ya sake faɗi, yana kallonsa yana jira. Ladan ya kasa kunne ko zai ji abin da ya yi kama da Larabci. Babu.

"Baba, Numan?" in ji Janet. Ya gyaɗa kai.

"Ko Sakkwato, wurin Mama?" Ya sake gyaɗa kai. Da ta tambaye shi ko yau Kirsimeti ce, nan ma ya gyaɗa.

Ladan ya yi abin da ya iya. Ya rubuta maganar yadda ta shiga kunnensa, ya sa kwanan wata. Ya bi littafin shafi-shafi, duka ɗari biyu da sha biyu, yana neman abin da ya yi kama da ita a layin hagu. Bai samu ba, tunda ba yadda ake faɗi ake rubutawa ba. Suka miƙa wa tsohon littafin, sai ya shafa takardar kawai. Suka ba shi biro a hagu, ya ja layuka karkatattu. Fastonsu ya saurara, ya ce ba Ibrananci ba ne. Suka kara masa waya mai fassara, ba ta kama komai ba. Janet ta ɗauki muryar ta tura Numan, daga can aka tura wa wata mata a Danmak. Bayan mako uku amsa ta zo: yarensu ne, amma harshen ya yi nauyi, ta saurara sau da yawa ba ta iya raba kalmomin ba.

"Malam, shekara shida kana zaune da shi," in ji Janet. "Ko kalma guda?"

"Ibranancin na ɗan riƙe, kuma ba shi yake yi ba."

Ladan ya ci gaba da zuwa Talata da Alhamis. Tsohon ya ci gaba da faɗin maganarsa. Daga baya ya daina jiran amsa.

Baba Nathaniel ya rasu ranar Juma'a, 19 ga Janairu 2024, yana da shekara saba'in da bakwai. Janet ta binne shi a Sakkwato, kusa da Esther. Dangin Numan ba su zo ba. A watan Yuni ta koma Jos da aiki, muryar tana cikin wayarta. Littafin yana shagon Ladan, a aljihun tebur na ƙasa, da layi biyu.