Mamman da Karen Sagir

Mamman mutumin Batagarawa ne, ɗan mafarauta. Da daji ya lalace, karnukansa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, sai ya rataye bindigar mahaifinsa ya shigo Katsina yana wankin tumbi a kwata. A nan ya samu sana'a. Abin da mahauta suka rage, huhu da maƙogwaro da guntun ƙashi, shi yake tarawa a bokiti, ya ɗaure a bayan babur, ya bi gidajen masu karnuka. Yana da saurin dariya, amma idan yana magana ba ya kallon mutum. Karen gidan yake kallo.

Ni ban taɓa son kare ba. Ɗana Sagir ne ya kawo wani kare, Taiga, gidanmu a Kambarawa bayan ɓarayi sun haura mana katanga. Shi yake masa wanka, shi yake sayo masa abincin buhu a kanti, wasu busassun ƙwayoyi da ake aunawa da kofi. Sagir ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano. Da aka watse daga zaman makoki, na tarar da karen kwance a ƙofar ɗakinsa, ƙwayoyin na cikin kwano bai taɓa ba. Na jiƙa su da ruwan ɗumi. Ya ƙi. Haƙarƙarinsa suka fara fitowa.

Ban san wanda ya gaya wa Mamman ba. Sallama kawai na ji da hantsi. Ya yi mini gaisuwa mai tsawo, sannan ya ɗebi ƙwayoyin ya shinshina.

"Malam, wanga ai kashin awaki ne aka ɗura a buhu."

"Likitan dabbobi ne ya zaɓa masa," na ce.

"To likitan ya zo ya ci."

Ya jefa yankan huhu. Taiga ya miƙe ya cinye. Na ce ɗanyen nama na ɗauke da cuta, kuma ina na san ba mushe ba ne? Ya ce, "Yankan Musulmi ne, Malam. Ƙanin wanda ke cikin miyarka." Wata safiya na je kwata ba tare da na sanar da shi ba. Gaskiya ya faɗa.

Amma a lokacin na riga na daina zargin naman, na koma zargin mutumin. Na lura da yadda yake taɓa karen: ya matsa ƙirjinsa, ya ɗaga ƙafa, ya buɗe baki ya duba haƙora, kamar mai ciniki a kara. Taiga kuwa da ya ji ƙarar babur ɗinsa zai hau tsalle a bakin ƙofa.

"Kare kamar wanga a kan siminti, asara ce," in ji shi.

Ana haka aka tsinci ɗan akuyar maƙwabciyarmu, Hajiya Kulu, a bayan katanga an yage masa ciki. Ta aiko a gaya mini cewa karen da ya ɗanɗani jini ba ya barin dabba, gobe kuma yaro ne. Taiga bai taɓa fita ba, makullin ƙofar gida yana aljihuna. Abin da ya dame ni shi ne, bokitin a rufe yake shigowa. Wa ya gaya wa unguwa abin da karen ke ci? Na bincika. Mamman ne da bakinsa, a teburin mai shayi.

Ba a jima ba matata Zulaihat ta ga tsokar nama a tsakar gida, an jeho ta kan katanga, an barbaɗe ta da baƙin gari. Ta riga karen isa wurin.

Mamman ya ce, "Ba ni shi in tahi da shi Batagarawa."

Na san akwai masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka suna lodawa a mota. Na ce, "Sayar da shi za ka yi?"

Ran nan ya fara kallona ido cikin ido. "Malam, in ya kwana nan, wanda zai saye shi ma ba zai samu ba."

Da hannuna na kwance sarƙar da muka ɗaure Taiga da ita bayan jeho naman.

Bayan bikin sallah na je Batagarawa, nan ma ban sanar ba. Taiga na nan, ƙirjinsa ya cika, da sabon tabo a hanci. Bindigar da Mamman ya ce mini ya rataye tana jingine a bakin ƙofa, an shafe ta da mai. Na kira karen. Ya zo ya shinshina hannuna, ya koma ya kwanta a ƙafar Mamman.

Da na dawo, Zulaihat na zaune a ɗakin Sagir, kusa da ragowar buhun.

"Yana nan?"

"Yana nan. Yana cin abinci."

"To ka yarda da mutumin?"

"A'a," na ce. "Zan riƙa zuwa."