Ɗigo a Kan Tsohuwar Kunama

Cikin shekarun da na yi ina duba lafiyar bindigogi a Birmingham, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Asabar da na je unguwar Longsight ta Manchester cin tuwo, na dawo raina a ɓace. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha yi mini tsiya, wai ba na yarda da bindiga sai na kwance ta kamar mai neman ƙaya a kifi. To yau za ku ji dalili.

Ga wanda bai san sana'ar ba, kamfaninmu ba ya ƙera bindiga. Shigo da ita muke yi daga waje, mu rarraba wa shaguna masu rajista. Ni injiniya ne a sashen inganci, sama da ni akwai manaja, sama da shi darakta. Idan masana'anta ta gano aibi, sai ta sanar kowa ya dawo da tasa a gyara kyauta, shi ake kira recall. A ƙasar nan ba a naɗe bindiga a jefa gidan waya. Mai ita zai kai wa shago mai rajista, mu aika wa shagon sabon ƙarfe, makanikinsu ya canza.

A waccan shekarar matsalar ta faɗa kan wata bindigar farautar barewa mai farin jini. Tana da ɗan makulli da ake kira sefti, wanda in an rufe shi ba ta tashi. Aibin a kunama yake: in an ɗan taɓa ta yayin da sefti ke rufe, wani lokaci ana buɗe shi sai bindiga ta tashi da kanta, ba yatsan kowa a kai. Sabuwar kunamar ta kawar da wannan, sai dai ta fi tauri, mafarauta kuwa ba abin da suka ƙi jini irin kunama mai tauri. Umarnin masana'anta shi ne, duk wadda aka canza wa kunama a buga mata ɗan ɗigo a jikin ƙarfe, don kowa ya gani ya san an gyara.

Dokta Sanusi abokina ne tun muna makaranta a Kano, yanzu likita ne a Manchester. Yana da lasisi, yana zuwa farauta, kuma mu abokansa ba ma ƙorafi, don farfesun barewa muke sha. Gidansa na je a wannan Asabar ɗin. Muna gama tuwo ya ce, "Injiniya, recall ɗin nan naku fa ba laifi. Na kai tawa, an gyara, kuma wallahi exactly yadda take da, laushi lukwi."

Na ajiye kofin shayi. Na ce, "Likita, yadda take da?"

"Eh mana. Mai shagon ya ce ya yi mini favour, don ya san ba na son mai tauri."

Na ce ya buɗe kabad ɗin ƙarfen da doka ta ce a kulle bindiga a ciki. Ga ɗigo nan, an buga shi tsaf. Muka tabbatar ba harsashi, na ɗana ta, na rufe sefti, na shafi kunama, na buɗe. Shiru. Na sake, shiru. Sanusi ya fara dariya yana cewa ni dai da rigima. Ban gama sakewa ba muka ji ƙas! Dariyar ta tsaya. Ya ce a makon da ya wuce haka ya bi daji da ita, mai yi masa jagora yana gabansa, tazarar da ba ta fi ya miƙa hannu ya taɓa bayansa ba.

Ranar Litinin da safe na tafi shagon, can bayan Salford. Mai shi dattijo ne mai fara'a, har ya tambaye ni ko da madara nake shan shayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ko gezau bai yi ba. Ya jawo aljihun tebur, ga sababbin kunamun da muka aika, suna cikin ledarsu. Ya ce tun kafin in iya tafiya yake gyaran bindiga, bai taɓa ganin irin wannan ta tashi da kanta ba, kuma abokan cinikinsa ne suka roƙe shi.

Na ce, "To me ya sa ka buga ɗigon?"

Ya ce, "Don ku daina damun su da wasiƙu."

Wannan amsa ita ta ƙona mini rai fiye da komai. Da ya ƙi gyarawa ya mayar wa mutum bindigarsa haka, da sauƙi, aƙalla mai ita ya san abin da yake riƙe da shi. Amma ka bar cuta a ciki, ka buga hatimin lafiya a waje, sannan ka zauna kana jiran godiya? Kuma abin takaici, an gode masa. Har kwalbar zuma ya nuna mini da wani ya kawo masa.

Na koma ofis ina huci, ina zaton manaja zai fi ni tashin hankali. Sai ya rufe ƙofa ya ce mu bi a sannu. Shagon yana cikin manyan masu sayen kayanmu, ga lokacin farauta ya kama, me zai hana mu riƙa kiran mutanen ɗaya bayan ɗaya ba tare da hayaniya ba? Na ce ranka ya daɗe, wasu sun riga sun sayar da nasu, waɗanda suka saya kuma ɗigo suka gani suka biya. Wa za mu kira? Ya ce ai ba wanda ya ji rauni tukuna. Na ce ashe jira muke a ji.

Ƙa'ida ta ba injiniyan inganci damar kai maganar haɗari kai tsaye ga darakta da masana'anta, sai na yi amfani da ita a ranar. Manaja ya yi wata da watanni ba ya yi mini magana sai ta imel, alhali in na yi atishawa yana ji daga teburinsa. Ko a jikina. Aka cire shagon daga masu gyara, aka sanar da hukuma, aka sake fitar da sanarwa: duk bindigar da ta bi ta can ta zo wurinmu, mu kwance, mu canza, mu ƙara ɗigo na biyu. Sanusi ne ya fara kawo tasa, da kansa ya tuƙo. Wani kuma ya kira ni yana ɗaga murya wai na lalata masa bindiga, yanzu jan kunamarta kamar buɗe tsohuwar ƙofa. Na ce Allah ya ba shi haƙuri, ya ja da ƙarfi.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan mai mugun nufi ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kirki, wanda ba ya son ɓata wa abokin ciniki rai, da manajan da ba ya son ɓata wa shago rai. Kowa yana lallashin na gabansa, ba mai tuna mutumin da ke tafiya gaban bakin bindigar, wanda bai saya ba, bai sayar ba, ba a kuma tambaye shi ba. Saboda haka in an kawo muku bindiga, ku kwance ta, ko da ni ne na ce na duba. Har yau akwai bindigogin da ba su dawo ba, ba mu san hannun da suke ba. Duk lokacin da aka buɗe farauta sai in tuna cewa wani yana can cikin daji a bayan ɗan'uwansa, babban yatsansa a kan sefti, hankalinsa kwance, don ya duba ya ga an gyara.