Dattijo Mai Bin Hayaƙi a Waya

A tashar Argungu akwai wani dattijo da ya kasa zama. Ƙafafunsa duk busasshen taɓon fadama, sai kewaya motar Augie yake yi, idonsa a kan waya. Hoton tauraron ɗan Adam yake dubawa, inda hayaƙin gobarar daji ya ja dogon layi. Ina zaton shinkafar da ya yanke tana jibge a gona, ba a buge ba.

"Baba, hoton safe ne wannan," in ji direba. "Iska ta juya tuni."

Dattijon ya duƙa, ya ɗebi ƙasa, ya sake ta, ya bi ta da ido.

"Ta juya, ɗana. Wajen gonata ta dosa."

Bai jira mota ta cika ba, ya haye kabu-kabu.