Ƙaron Yaya Sani

Shekara takwas ke nan da rasuwar Yaya Sani, kuma har yau mutanen unguwarmu a Ƙofar Mazugal ba su gane shi ba. Cewa suke karatu ne ya taɓa masa kai, tunda malamin jami'a guda ya ƙare da dama ƙaro kamar mai wankin hula. Ƙarya ne. Ni ƙanwarsa ce, ni nake tace masa ƙaron.

'Yarsa Hafsa sikila gare ta. Ya taɓa gaya mini cewa kowace ƙwayar halitta a jikin mutum gari ce mai ganuwa, magani ya zo ya yi ta sallama a waje ba a buɗe masa ba. Burinsa ya naɗe maganin cikin 'yan ƙwayoyin ƙaro da ido ba ya gani, su shige da shi ciki, wata rana ma su ɗauki saƙon da zai gyara abin da jini ya gada. Na ce masa tatsuniya yake yi. Ya yi dariya ya ce, "Uwar gaggawa, ke dai tace ƙaron."

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki hatsarin mota ya ɗauke shi, yana ta murnar farar hula za su gyara ɗakunan bincike. Bayan sadakar bakwai aka rabar da kayansa don ya samu lada. Tataccen ƙaronsa aka bai wa mai wankin hula na bakin layi. Ƙananan kwalaben da ya zuba haɗin gwajinsa a ciki kuwa, Baba ya sa aka tuttular a kwata, wai kada yara su sha. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Yanzu ina ji a rediyo masana a waje suna gwada irin wannan dabara. Da yana nan, ban sani ba ko murna zai yi ko takaici. Hafsa dai har yau ƙafafunta na hana ta makaranta, yara kuma suna kiranta 'yar mai ƙaro. Shekaranjiya ta tambaye ni ko da gaske babanta mahaukaci ne.

Bakina ya gaji da musu. Akwai wata ɗalibarsa da ke ci gaba da aikin a jami'a, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba. Ranar Litinin zan kama hannun Hafsa mu je can. Ta gani da idonta, in ya so ta dawo ta ba su amsa da kanta.